Garin Veronica Garza da kuɗin PepsiCo

A watan Oktoba na 2024 kamfanin PepsiCo ya sanar cewa zai sayi Siete Foods a kan dala biliyan 1.2. Kafin ka ce kwabo, 'yan asalin Meziko mazauna Amurka sun cika shafukan sada zumunta da ƙorafi, wasu har suna cewa iyalan Garza, waɗanda suka kafa kamfanin, sun sayar da gadon kakanninsu. Na fahimci zafin da suke ji, amma ban yarda an ci amanar gado ba.

Veronica Garza 'yar Laredo ce, wani gari a jihar Teksas da ke bakin iyakar Meziko. Tun tana budurwa ta kamu da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, abin da ya sa ta daina cin hatsi. A gidansu kuwa abinci ba ya cika sai da tortiya, wata siririyar gurasa da ake gasawa a kasko, a naɗe nama ko wake a ciki. Ka yi tunanin kowa na yagar tasa da zafinta, ita kuma tana naɗe namanta a ganyen latas. Sai ta shiga madafa, ta yi ta gwaji da garin 'ya'yan almon har ta dace. A 2014 ita da ƙaninta Miguel da mahaifiyarsu Aida suka fara sayarwa. Siete na nufin bakwai da Sifaniyanci, adadin mutanen gidan ke nan.

Masu cewa tortiyar almon ba ta asali ba ce sun manta da abu ɗaya. Ta asalin ta masara ce, wadda ake dafawa da farar ƙasa ko ruwan toka kafin a niƙa. Ita kanta tortiyar alkama da mutanen arewacin Meziko da kudancin Teksas ke alfahari da ita, sai da Turawan Sifaniya suka kawo alkama a ƙarni na 16 sannan aka san ta. Wasu mata ne a can baya suka ga sabon gari, suka murza shi da hannun da suka saba murza na masara. Abin da Veronica ta yi ke nan, sai dai ita lalura ce ta tura ta.

Ba ita kaɗai ba ce. Julissa Prado ta kafa kamfanin Rizos Curls don mata masu nannaɗaɗɗen gashi da suka gaji da miƙar da shi, Patty Delgado kuma ta fara kamfanin Hija de tu Madre da riga mai hoton Budurwa Maryamu ta Guadalupe a bayanta. Abin da aka taɓa sa su jin kunyarsa shi suka mayar jari, kuma wannan yana burge ni ƙwarai.

Damuwata tana wani wuri dabam. Kayan Siete suna da tsada, ƙunshi ɗaya kan ninka kuɗin tortiyar da aka saba saye a kanti. Mai aikin wanke-wanke a Laredo, wadda ita ma likita zai iya hana ta alkama, da wuya ta iya saye kullum. In girman PepsiCo zai sauko da farashin har ya iso gare ta, to cinikin ya yi albarka.

Amma babban kamfani riba yake bi, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a rage ingancin kayan haɗi. Soyayyun ƙananan tortiyar Siete da garin rogo da man fiya ake yin su, man da ya fi na masara tsada nesa ba kusa ba. Marasa lafiya irin Veronica sun dogara da abin da aka rubuta a bayan leda, su ne kuma za su fara ji a jikinsu ranar da aka sauya man.