Daga Zaure Zuwa Get: Yadda Gini Ke Sauya Halin Mazauna Utako

Utako tana cikin gundumomin kashi na biyu na ginin Abuja, ita da Jabi da Wuye da Mabushi. Kafin gwamnatin Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni a 1976, ƙauyen Gbagyi ne a wurin. Yau kuwa ga kasuwa, ga tashoshin motocin dogon zango, ga ofisoshin jaridu irin su Daily Trust da Aminiya da Leadership. Sai dai wanda ya bar titin Obafemi Awolowo ya shiga layukan ciki, abin da zai yi ta gani shi ne katanga bayan katanga, da waya mai ƙaya a kanta, da get na ƙarfe a rufe. A irin wannan gini babu komai tsakanin waje da ciki. Gidan Bahaushe kuwa a kan wannan tsakanin aka kafa shi, kuma rashinsa yana sauya halin mutane fiye da yadda ake zato.

A tsohon gida na Kano ko Zariya ko Katsina, baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. Da farko akwai dakali a ƙofar gida, inda kowa ke iya zama ba sai an gayyace shi ba. Daga nan sai zaure. Nan baƙo zai tsaya ya yi sallama, a tura yaro ya ce wai ana sallama da maigida, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa. Aminin gida ne ke wucewa shigifa, tsakar gida kuwa sai muharrami da mata da yara. Magina ba sa saita ƙofar zaure da ta shigifa, don kada idon mai wucewa ya zarce ciki. A zaure ake ɗaurin aure da zaman makoki da karatun allo, nan maƙwabta ke haɗa akusa su yi ciyayya, nan maɗinkin hula ke aikinsa yana amsa gaisuwar duk wanda ya gitta. Gwanayen gini irin su Muhammadu Durugu, Babban Gwanin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun bar wa magina fasahar bakan gizo da azara, kuma a zaure mai hali ke fara nuna ta.

Binciken ƙwaƙwalwa ya haska dalilin da ya sa wannan tsari ke aiki. A 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai dabba ta isa wani keɓaɓɓen wuri. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser na Norwe suka gano wasu ƙwayoyin masu auna tazara, su ukun suka raba kyautar Nobel a 2014. Wannan sashen mai riƙe taswira shi ne kuma jigo wajen ajiye abubuwan da suka faru da mutum, don haka wuri da tunawa a haɗe suke. Gwajin da Gabriel Radvansky ya wallafa a Amurka a 2011 ya ƙara nuna cewa mutane sun fi mance abin da suka riƙe a ka idan suka ratsa ƙofa, fiye da idan suka yi tafiya mai tsawon haka a cikin ɗaki ɗaya. Ma'ana, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar ƙofa a matsayin iyaka tsakanin al'amari da al'amari. Ƙofofin gidan Bahaushe ke nan kowacce tana sanar da jiki cewa hali ya sauya: a nan a cire takalmi, a nan a sassauta murya, a nan a dakata sai an yi izini. Yaro yana koyon kunya da ladabi da ƙafarsa tun kafin a faɗa masa da baki.

A Utako matakan shiga gida sun koma biyu. Mai mota ya danna hon, maigadi ya zuge get, mota ta shige, get ya koma. Mai ƙafa kuwa ta ƙaramar taga za a leƙo a ce, "Wa kake nema? Kira shi a waya." Babu wurin da za a karɓi wanda bai kai a shigar da shi falo ba, bai kuma cancanci a bar shi a rana ba, alhali yawancin mutanen da muke hulɗa da su a nan suke: maƙwabci, abokin ɗa, mai kawo goron gayyata. Da aka rasa inda za a ajiye su, sai hulɗar ta yi ta raguwa. Donald Appleyard ya auna irin wannan a San Faransisko: mazauna layin da motoci kusan 2,000 ke bi a rana suna da abokai a layinsu ninki uku na mazauna layin da motoci kusan 16,000 ke bi. Tun 1961 kuma Jane Jacobs ta yi hujjar cewa idanun mazauna da 'yan tireda ne ke tsare titi. Katanga tana kare gida, amma tana kwashe waɗannan idanu daga layi, shi ya sa mai tafiya a ƙafa bayan isha'i yake ɗaga ƙafa yana waige-waige ko da babu kowa a bayansa.

Ko kwatance ma yana nuna hakan. Layukan Utako suna da sunaye a alluna, amma da wuya ka ji an yi amfani da su. Sai dai a ce ka sauka Berger, ko bayan tashar Jabi, ko daura da kasuwa. Katangun da suka yi kama da juna ba sa ba ƙwaƙwalwa abin kamawa, sai ta rataya taswirarta a wuraren da jama'a ke taruwa.

Abin lura shi ne mutane ba su haƙura ba. Duba gindin kowace bishiya mai inuwa a unguwar: ga bencin maigadi, ga teburin mai shayi da tulin biredi da gwangwanayen madara, ga mai gyaran takalmi, ga buta da tabarma a naɗe ana jiran azahar. Nan direbobi da 'yan aike da ma'aikatan ofis ke haɗuwa, nan ake ajiye saƙo, nan ake sanin baƙuwar fuska. Zaure ne aka sake ginawa da katako da lema, sai dai taswira ba ta san da shi ba, kuma Hukumar Kare Muhalli ta Abuja tana ɗaukar irin waɗannan rumfuna a matsayin saɓa doka. Itatuwan kansu ba ƙawa ba ne kawai: Roger Ulrich ya nuna a 1984 cewa marasa lafiyar da tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bango barin asibiti, kuma sun fi su ƙarancin shan maganin ciwo mai ƙarfi.

Ba a ce zaure ba shi da aibu ba. Fili ne na maza, kuma bangon da ya ba mata sirri shi ne ya nesanta su da maganar gari. Amma su ma sun yi asara a sabon gini, domin tsakar gidan da ake daka da kitso da hira ta koma ɗan baranda a hawa na uku. Masu katanga su ma suna da hujja, tsoron ɓarayi gaskiya ne, kuma fili a Utako tsada gare shi. Ko a Kano zauruka da yawa sun zama shago ko gareji. Gwaje-gwajen da aka ambata kuma a Turai da Amurka aka yi su, wasu a kan mutane kaɗan, na Ulrich 46 ne kacal. Ƙarfinsu shi ne sun dace da abin da magina suka daɗe suna aiki da shi.

Don haka ba komawa tubali da makuba ake nema ba. Abin da ya kamata masu zanen gini da sashen kula da gine-gine na Abuja su ɗauka daga zaure shi ne aikinsa. A ja katanga baya kaɗan a bar rumfa da dakali a gaban gida, a rage tsawonta ko a buɗe samanta yadda na ciki zai ga layi, a dasa itatuwan inuwa, a ware wa mai shayi gurbi da izini a kowane layi. Kuɗin wannan bai kai na waya mai lantarki da kyamarori ba, kuma shi ne zai sa maƙwabci ya san maƙwabcinsa kafin ranar da zai buƙace shi.