Ɗalibi a Bayan Kyamara: Nazarin Shirya Fim a Cikin Aji

Shirya fim a cikin aji, wato a miƙa wa ɗalibai kyamara su tsara, su ɗauka, su haɗa hotunan da kansu, ya sha bamban da nuna musu fim, domin mai kallo karɓa yake yi, mai ɗauka kuwa dole ne ya yanke shawara. Tun a shekarun 1920 wani malamin firamare, Célestin Freinet, ya shigar da ƙaramar kyamara cikin ajinsa a kudancin Faransa, amma ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka yi tasiri a wannan fage shi ne Le Cinéma, cent ans de jeunesse, wanda aka fara a 1995 a Cinémathèque française, cibiyar adana fina-finai da ke Paris, lokacin da silima ta cika shekara ɗari, tare da jagorancin masanin fim Alain Bergala.

Atisayen da tsarin ya fi shahara da shi ana kiransa mintin Lumière, saboda fina-finan da 'yan uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna a 1895 ba su kai minti guda ba, kuma kyamararsu a kafe take. Ana umartar ɗalibi ya zaɓi wuri, ya kafa kyamara, ya ɗauki hoto guda na kimanin minti ɗaya, ba tare da ya motsa ta ba, ba kuma tare da ya yanke komai daga baya ba. Da farko ƙa'idar tana kama da takura, amma a cikinta darasin yake, domin yaron da aka hana shi juya kyamara dole ne ya tsaya ya lura da inda haske ke faɗowa, da hanyar da mutane ke bi, da lokacin da ya dace ya danna maɓalli, sannan idan an haska aikin a gaban aji sai ya kare dalilin da ya sa ya tsaya a nan bai tsaya can ba. Wannan kare hujja shi ne abin da malamin harshe ke nema a rubutun insha'i, sai dai a nan ko ɗalibin da alƙalami ke yi wa nauyi yana da abin cewa.

Kowace shekara ana ba duk ajujuwan da ke cikin tsarin batu guda, kamar launi ko abin da ake nunawa da abin da ake ɓoyewa, su yi aiki a kansa tare da malaminsu da wani ƙwararren ɗan fim, kafin a haɗu a kalli gajerun fina-finan juna. A Kataloniya ta ƙasar Sifen ma an fara makamancinsa, Cinema en curs, a 2005.

Raunin wannan hanya yakan fito ne daga wajen manya. Malamin da ke son a yaba aikin ajinsa ranar biki yakan karɓe editin, wato yankewa da jera hotuna, alhali a nan ne ɗalibi ke gane cewa sauya jerin hotuna biyu yana sauya ma'ana. Fim ɗin ya yi kyau, amma ba na yaran ba ne. Haka kuma rabon aiki yakan bi ƙarfin baki, masu kaifin harshe su zama daraktoci, masu kunya su ƙare da riƙe makirufo, sai fa in malami ya tilasta karɓa-karɓa. Wayar hannu ta rage tsadar kayan aiki ƙwarai, amma ba ta samar da awannin da aikin ke ci a jadawalin darussa ba, kuma jarrabawar da ke ba kowane ɗalibi makinsa shi kaɗai ba ta da ma'aunin auna abin da yara biyar suka yi tare.