Malick Sidibé da Albam ɗin Bikin Ƙanwata

A 2024 aka yi bikin ƙanwata a nan Malanville. Gadar da ta haɗa mu da Gaya tana rufe tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, don haka dangin mahaifiyarmu a kwale-kwale suka tsallako kogin Kwara, da kayan gara a ka. Kakarmu ta sauko da zaninta jiƙe har gwiwa, tana ta faɗa da mai tuƙin jirgin. Da mai hoto ya kawo albam bayan mako biyu, na duba shi daga farko har ƙarshe. Amarya da ango ne a gaban wani katafaren gida da kwamfuta ta dasa a bayansu, fuskokinsu an wanke su fes har na kusa kasa gane ƙanwata. Babu kogi, babu kwale-kwale, babu Kaka. Kafin shekara ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa.

Wannan ne ya mayar da ni ga hotunan Malick Sidibé na Mali, wanda ya rasu a Bamako a 2016. Yawanci kyautar da aka ba shi a Venice a 2007 ake fara ambata. Ni kuwa asalinsa ya fi jan hankalina, domin ba da kyamara ya fara ba. Bafulatani ne ɗan ƙauyen Soloba, ya yi kiwo yana yaro, kuma zane ne ya kai shi makarantar masu sana'ar hannu ta Bamako, inda ya koyi ƙirar kayan ado. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya ɗauko shi don ya ƙawata masa shago, sai ya zauna ya zama yaronsa. Maigidan yana ɗaukar shagulgulan Turawa, shi kuma na 'yan ƙasa: aure, suna, da rawar samari da 'yan mata.

Idon mai zane ana ganinsa a aikin. Dubi hotonsa na 1963 da ake kira Nuit de Noël: saurayi da budurwa suna rawa a tsakar gida, ita ba takalmi, goshinsu ya kusa haɗuwa, kowa idonsa na ƙasa wajen ƙafafu. A gefe ga kujeru da kwalabe, bai kawar da su ba. Wanda ya saba jan layi ya san inda zai tsaya, ya kuma san ya jira har jikin mutum ya ba shi siffar da yake so, ba sai ya ce “ku matso, ku yi murmushi” ba. Mu ma a gidan rediyo haka abin yake: baƙo bai cika faɗin maganar kirki ba sai ya manta da makirfo.

Abin da na fi so kuwa shi ne yadda yake sayarwa. Da dare ya zagaya wuraren shagali, ya koma ya wanke fim, ya manna ƙananan hotuna a jikin kwali da lamba-lamba, mutane su zo shagonsa na unguwar Bagadadji kowa ya zaɓi nasa. Ke nan ba amarya kaɗai ce mai biya ba, duk wanda ya halarta abokin ciniki ne, shi ya sa bai raina kowa a taro ba. Mai hotonmu na yau ango ne ke biyansa, to wa zai kalla in ba ango ba?

Sai dai ba zan yi wa masu hoton garinmu rashin adalci ba. Abin da muka nema suka ba mu. Ƙanwata da kanta ta zaɓi wancan gidan. Sidibé ma ya yi hoton shago, mutane suna sa kayan gayu su hau babur a ɗauke su, kuma wannan ma gaskiyar zamaninsu ce. Sannan salonsa ba zai shigo bikinmu kai tsaye ba. Samarin Bamako nuna kansu suka fito yi, alhali rabin bikin Bahaushe ko Badande a cikin gida yake, wajen kamu da ƙunshi da faɗan da iyaye mata ke yi wa amarya tana lulluɓe tana kuka. Namiji baƙo ba ya shiga nan, kuma bai kamata ya shiga ba. In ana son wannan ɓangare ya tsira, mace ce za ta riƙe kyamarar, wadda ta san lokacin da za ta sauke ta.

Amma bakin kogi ai ba cikin gida ba ne. Kowa na iya tsayawa can a ranar. Hoton Kaka guda ɗaya da muke da shi daga bikin, wani yaron maƙwabta ne ya ɗauka da waya, bisa kuskure ma, yana neman abokinsa. Ta fito a gefe, rabin fuska, tana matse bakin zani. Shi mahaifiyarmu ta sa aka wanke aka rataya a ɗakinta.