Lewis Hine da Hoton da Ke Zama Shaida

A shekarar 1908 wata ƙungiya mai yaƙi da sa yara aikin ƙarfi a Amurka, National Child Labor Committee, ta ɗauki wani malamin makaranta, Lewis Hine, aikin ɗaukar hoto. A lokacin yara kusan miliyan biyu ne ke aiki a ƙasar, a masaƙu da gonaki da wuraren haƙar kwal. Masu masana'antu kuwa rantsuwa suke yi babu ƙananan yara a wurinsu, kuma ba sa barin mai kyamara ya shiga. Sai Hine ya riƙa ɓad da kama, yau mai duba matakan kariya daga gobara, gobe mai tallar littattafan addini.

Abin da ya bambanta aikinsa yana cikin rubutun da ke ƙasan hoton. Ya san tsawon kowane maɓallin rigarsa daga ƙasa, saboda haka da yaro ya tsaya kusa da shi ya auna shi. Hannunsa na cikin aljihu yana rubuta suna da shekaru da awannin aiki a ɓoye. A wata masaƙar auduga da ke Lancaster, jihar Karolina ta Kudu, ya ɗauki Sadie Pfeifer tsaye gaban doguwar na'urar kaɗi, ya rubuta cewa tsawonta inci 48 ne. Mai masaƙa zai iya cewa hoto ya yi ƙari, amma yaya zai yi da suna da gari da kwanan wata?

Sannan Hine bai ƙasƙantar da yaran ba. Da yawansu suna kallon kyamara ido da ido, da ƙurar auduga a kayansu, amma da mutuncinsu. A ganina wannan ne ya sa mai kallo yake jin kunya da fushi, maimakon tausayin da ke gushewa da an juya shafi.

Duk da haka hoto shi kaɗai bai gama aiki ba. Dokar hana sa yara aikin ƙarfi da aka kafa a 1916 Kotun Ƙoli ta soke ta a 1918. Sai a 1938 aka samu dokar tarayya da ta tsaya da ƙafarta, Hine kuma ya rasu a 1940 cikin talauci.

Abin da ke damuna shi ne yadda mu a nan muke yi wa almajirai da 'yan gudun hijira. A ɗauki yaro da robar bara a hannu, ba suna, ba gari, ba wanda ya nemi izininsa, a watsa a Facebook, jama'a su rubuta "Allah sarki" su wuce. Ba hukumar da irin wannan hoto zai tayar wa hankali, don bai nuna wa ke da alhaki ba.

Masu kyamara da waya, don Allah kafin ku danna ku nemi yardar yaron da ta magabatansa, ku tambayi garin da ya fito da abin da ya raba shi da gida, ku rubuta.