Ɗan Lakkol Baƙo: A Bar Shi Ya Yi Wasa Ko A Hana Shi?

Ya kai mai karatu, akwai gardamar da ke tashi in makarantu suka haɗu don gasar ƙwallo, ko gudu, ko kokowa. Da an ka da wani gari, sai ka ji an ce yaron da ya yi kayen ba ɗan ƙasa ba ne, daga Najeriya aka ɗauko shi. Har wasu na cewa a hana baƙi wasa gaba ɗaya, a huta. Ni ban yarda da wannan shawara ba. Ga dalilina.

Ka san yadda ƙasarmu take. Daga Magariya, in ka bi ta Tinkim, sai Babura. Mutanen Dungas kuwa Maigatari suke kai dabbobinsu. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata iyakar nan, suka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Kafin su zo akwai auratayya, har gobe kuma akwai. Mace nawa ce ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a ƙetaren iyaka, ta haihu can, ta dawo da jinjiri bayan wanka? To, wannan yaro baƙo ne ko ɗan gida?

Yaron da ke zaune cikin aji, mushe yana kiran sunansa kowace safiya, yana share fili tare da 'yan uwansa, ɗan lakkol ne. In ka hana shi wasa ranar gasa, ka koya wa yara wariya. Ka tuna da Abdul Razak Alfaga, ɗan Nijar da ya ciyo mana lambar azurfa ta wasan taekwondo a birnin Riyo a 2016. A Jamus ya yi horo. Da can ma an ce baƙo ba ya shiga fili, da wa ya yi asara?

Amma masu ƙorafi suna da tasu gaskiya. Akwai ɗan haya. Shi ne ƙaton da bai taɓa zama aji ba, a ba shi riga ranar gasa, a rage masa shekaru. Wannan zamba ce. Yaron da ya yi wata da watanni yana shiri sai a bar shi a bakin fili yana kallo. Sai dai ka lura, ɗan haya ba lalle daga wata ƙasa yake ba. Sau da yawa daga ƙauyen da ke kusa yake.

Ko manya sun sha fama da wannan cuta. A 2016, Najeriya za ta kara da Nijar a wasan 'yan ƙasa da shekara 17. Likita ya ɗauki hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasan Najeriya don a gane shekarunsu, aka cire 26 daga cikinsu. Daga baya Nijar ta fitar da Najeriya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Don haka abu uku ya kamata a tambaya. Sunan yaro yana cikin littafin kira tun buɗe lakkol? Takardar haihuwarsa ta yi daidai da shekarun gasa? Direkta da wakilin iyayen yara sun sa hannu?

Nan ne aikinka yake. Yanzu ka iya karatu. Ranar gasa, ka nemi takardar sunaye, ka karanta da kanka. Ka san 'ya'yan garinku. In ka ga sunan da ba ka sani ba, ka yi tambaya tun kafin a busa usur, ko da garinku ne zai yi asara.