Kasuwar Dandaji: inuwar ƙarfe da inuwar itace

Dandaji gari ne cikin jihar Tawa. A shekara ta 2018 aka gama gina masa sabuwar kasuwa. Wadda ta zana ginin ƴar Nijar ce, sunanta Mariam Kamara. An yabi wannan aiki har ƙasashen waje. To, jama'a, mu ma bari mu duba shi da idon mutanen karkara.

A wurin akwai wani tsohon itace. Tun da daɗewa a gindinsa ake cin kasuwa mako-mako. Da aka tashi gini ba a sare shi ba. Shi aka sa tsakiya, aka yi wurin zama kewaye da shi. Wannan hankali ne. Sau nawa muka ga an zo da ma'auni da igiya, an kayar da tsamiya ko kuka don a samu layi madaidaici? Bayan haka sai kowa ya koma neman inda zai raɓe da rana.

Shagunan kuma da ƙasa aka gina su, tubalin da aka matse da inji. Duk wanda ya taɓa kwana cikin ɗakin siminti mai rufin kwano a watan Afrilu ya san amfanin wannan. Bangon ƙasa ba ya saurin ɗaukar zafi.

Inda muke da magana shi ne wajen inuwa. A kan hanyoyin kasuwar an kafa laimomi na ƙarfe masu launi iri-iri, wasu sama, wasu ƙasa, kamar rassan itace. Dalilin da aka bayar shi ne itace na da wuyar tashi a wuri mai ƙarancin ruwa. Gaskiya ne. Laimomin suna da kyan gani, kuma tun ranar farko suka ba da inuwa, ba jira. Amma ƙarfe ba ya ba akuya ganye. Ba ya ƴaƴa, ba ya kiran tsuntsu, ba ya sanyaya iska kamar ɗanyen ganye. Shekara na tafiya yana tsufa, shi ko itace ƙaruwa yake yi.

Kuma wuya ba ta nufin ba a iyawa. Tun shekarun 1980 manoman Maradi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture cikin gonakinsu, suna yi masa gyara. Da wannan sassaben zamani aka maido da itatuwa a fili mai wajen hekta miliyan 5. Ku dubi gawo: da rani yake ganye, lokacin da aka fi bukatar inuwa.

Misalin ma yana nan cikin Dandaji. Sabon masallacin garin, wanda Mariam Kamara ta zana tare da Yasaman Esmaili, an dasa itatuwa a farfajiyarsa. An yi tanki a ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damana, ana shayar da su da shi kaɗan-kaɗan. Wannan dabara ta fi ta laima nisan gani.

Garin da ke shirin gina kasuwa ko sabuwar unguwa, ya ɗauki abu biyu daga Dandaji: barin tsohon itace, da gini da ƙasa. Idan an kafa rumfar ƙarfe, a dasa bedi ko gawo kusa da ita a damanar farko, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a kuma sa wanda zai riƙa ba shi ruwa har ya kama.