Takwas Cikin Goma, Amma na Wa?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ranar Asabar da safe, ko a gidan kitso, ko a cikin A Daidaita Sahu mai cike da ɗalibai, ya san yadda hirar take farawa. "Anti, kin kalli na jiya?" "Na kalla mana, wallahi ya haɗu." Wani ya ce shirme ne, sun cinye masa data a banza. Wata ta ce ita dai ta ba shi takwas cikin goma. Kafin a kai shataletale na gaba an yanke wa aikin wata uku hukunci, an koma zancen tsadar shinkafa.

Mu ma cikin masu wannan hira muke, don haka ba daga kan tudu muke leƙen kowa ba. Ba mu kuma raina ta. Masu zama su rubuta wa fim ɗin Hausa cikakken sharhi 'yan kaɗan ne, saboda haka wannan hira ta tsaitsaye ita ce mafi yawan abin da darakta da marubuci suke ji game da aikinsu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, da muka waiwayi makin da mu kanmu muka rarraba a 'yan shekarun nan, sai muka tarar kaɗan ne daga ciki ya sauka a kan fim ɗin da aka ce an auna. Sauran duk ya zarce wani wuri.

Bari mu fara da Labarina, tunda babu shirin da ya kai shi shan maki a bakinmu. Aminu Saira ya fara fitar da shi a 2020, ana nuna shi a Arewa24 da kuma YouTube. A labarin farko Nafisa Abdullahi ce Sumayya, Nuhu Abdullahi ne Mahmud, Isa Feroz Khan kuma Presido. Da Nafisa ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi rawar Sumayya, sai majalisu suka rabu biyu tun kafin a ga fitowa ɗaya. Masoyan ta farko suka ce shiri ya mutu, masoyan ta biyu suka ce yanzu ma aka fara. Mun ji mai ba da biyu cikin goma, mun ji mai ba da goma cif, kuma dukansu ba Sumayya suke aunawa ba. Jarumar da suke so suke kare wa mutunci.

Alhali akwai tambaya ta gaskiya a wurin, wadda ta fi wannan gardama daɗin tattaunawa. Mai kallo ya shafe zango bayan zango yana karanta damuwar Sumayya a fuska ɗaya: yadda take sunkuyar da kai, yadda take haɗiye magana a gaban mahaifiyarta. Idan aka sauya fuskar, duk wannan ajiya ta zube, dole rubutu ya sake gina ta daga tushe. Shin rubutun ya ba sabuwar jarumar filin da za ta gina tata Sumayyar, ko kuwa an miƙa mata rigar wata aka ce ta sa haka nan? A ganinmu na biyun ne ya faru, kuma ba laifin jarumar ba ne. A lokacin labarin ya riga ya yi nauyi, an kashe Mahmud, ƙulle-ƙulle sun taru sun fi ƙarfin warwara, kowa na jiran a sauke kaya. Wannan magana ce da marubuci zai iya amfana da ita. "Biyu cikin goma" kuwa babu abin da zai ɗauka a ciki sai ɓacin rai.

A cikin shirin dai akwai Baba Ɗan Audu, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa. Mun sha jin an ce, "Ni tsohon nan ne ya sa na tsani shirin." To ai nan ne hukunci ya juya kansa ƙasa. Uban da ba ya jin kunyar cin amanar 'ya'yansa, mai ƙarya yana murmushi, mai kuka idan kuka zai kawo kuɗi, idan har ya sa jininka ya hau kana kwance a ɗakinka, to ɗan wasan ya gama aikinsa. A wurinmu Baba Ɗan Audu ne halitta mafi ƙarfi da labarin farko ya samar, domin shi kaɗai ne ba ka iya cewa ga abin da zai yi a fitowa ta gaba, kuma duk abin da ya yi sai ka ce lalle halinsa ne. Tsanar da muka yi masa yabo ce, amma a lissafinmu na tsaitsaye sai muka rubuta ta a gefen asara.

Da aka buɗe sabon labari da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Al'amin Mainasara, maki ya sake tashi sama. Attajirin da ya ɓad da kama ya shiga rigar talauci don ya samu macen da za ta so shi ba don dukiya ba: tsohon zare ne, mun san shi tun daga tatsuniya har zuwa littattafan soyayya na kasuwar Kano. Tsufansa ba aibi ba ne. Sadiq ya riƙe rawar da natsuwa, ba ya cika baki da magana inda kallo ya isa, kuma Fatima Hussaini ta sa Maryam ta zama mutum, ba allon rubuta nasiha ba. Amma mun lura da wani abu a hirarrakin da muka zauna: kusan kowa na auna matan labarin, wace ce ta ci jarrabawa, wace ce ta faɗi. Da wuya ka ji wanda ya tambayi mai shirya jarrabawar. Mutumin da ya gina neman aure a kan ɓoye gaskiyar kansa, sannan ya zauna yana duba wa zai kama da rashin gaskiya, shi wane maki ya ci? Nan ne labarin ya fi zurfi, kuma nan ne hirarmu ta fi saurin tsallakewa, saboda mun riga mun shiga bayan jarumi tun daga fitowa ta farko.

Wani wurin da makinmu yake zarcewa shi ne darasi. "Akwai faɗakarwa a ciki" ta zama hatimin da idan aka buga wa fim, an rufe bakin kowa. Izzar So na Lawan Ahmad, wanda shi ma ya fara a 2020, ya samu karɓuwa mai yawa ta wannan ƙofa, kuma ba mu musun cewa iyaye da dama sun samu abin da za su kalla tare da 'ya'yansu ba tare da sun riƙa lalubar rimot ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai Umar Hashim mutum ne da ba ka fargabar zai faɗi. Ka san zai yi haƙuri, ka san zai faɗi daidai, ka san masu ƙulla masa sharri za su kunyata. Mai kallo yana girmama shi, amma zuciyarsa ba ta bugawa dominsa. Idan muka ba irin wannan goma cikin goma, nasihar muka ba, kuma nasihar ta cancanta. Sauran tambayar ita ce nawa za mu ba labarin da ya ɗauko ta.

Na Mai Martaba ya fi ba mu dariya, domin da mu aka yi. A 2024 kwamitin Najeriya ya zaɓi fim ɗin, wanda Prince Daniel Aboki ya ba da umarni aka kuma ɗauka a Daura, ya wakilci ƙasar a gasar Oscar karo na 97, a rukunin finafinan ƙasashen waje. Ranar da labarin ya fito mun ba shi goma, kuma a cikinmu babu wanda ya kalle shi tukuna. Wasu har suna cewa shi ne fim na farko da harshen Hausa da aka taɓa turawa, an manta da The Milkmaid na Desmond Ovbiagele da aka tura shekaru huɗu kafin nan, wanda yawancin maganarsa da Hausa ce. Da jerin finafinai 15 da suka tsallake zagayen farko ya fito babu Mai Martaba, sai hirar ta mutu murus. Fim ne a kan rikicin gadon sarauta, mai dawakai da fada da tufafin da aka kashe wa kuɗi, ga Adam A. Zango a ciki. Ya cancanci a zauna a yi gardama a kan ko labarinsa ya kai girman hotonsa. Bai samu wannan gardama a majalisunmu ba. Ya samu tafi kafin a gan shi, da shiru bayan an gan shi.

Ita kanta lambar aro muka yi, kuma waɗanda muka ara a wurinsu sun daɗe da gano rauninta. YouTube, inda yawancin shirye-shiryenmu suke zaune yanzu, da taurari biyar ya fara. Kamfanin ya lura cewa mafi yawan mutane biyar suke bayarwa, 'yan kaɗan su ba da ɗaya, tsakiya kuwa kusan babu kowa, sai ya sauya zuwa ɗaga yatsa sama ko ƙasa a 2010. Netflix ma ya bar taurari ya koma yatsa a 2017. A ƙarshen 2021 YouTube ya ɓoye adadin masu nuna ƙi daga idon jama'a. Ma'ana, mutum idan ya gama kallo ba awo yake yi ba, ji yake yi: ya so ko bai so ba. Takwas ɗin da muke furtawa "na so" ce ta sa rigar lissafi. Babu wanda zai iya gaya maka bambancin bakwai ɗinsa da takwas ɗinsa, har mu da muke wannan rubutu.

Abin mamaki, iyayenmu da suka yi zamanin sinimomin Kano irin su Plaza da Marhaba da El Dorado sun fi mu iya taƙaita hukunci. Ba su da lamba, laƙabi suke bayarwa. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Dubi na biyun nan da kyau: kalma huɗu, amma sun gaya maka irin rawar da mutumin yake takawa, da yadda fim yake halatta masa abin da zai kai wani gidan yari, har da ɗan murmushin mai kallo da ya gane wasan. Wannan sharhi ne cikakke. Wanda bai taɓa ganin jarumin ba zai san abin da zai tarar. Gwada gaya wa wani "bakwai da rabi" ka ga ko zai san me zai tarar. Yau kuma, a finafinan Indiya da ake fassarawa, sau da yawa barkwancin mai fassara na Algaita muke ba maki, mu ce fim ya yi daɗi, alhali watakila a asalinsa wurin kuka ne. Wannan zance ne na wata rana.

Me ya sa duk wannan ya dame mu, tunda hira ce kawai? Domin zamanin ya sauya. Lokacin kaset, sa'ad da Sangaya da Wasila suka fito, fim yakan kammala kafin ya iso hannunmu. Ko mun yaba ko mun kushe, ya riga ya zama abin da ya zama, sai dai mujallu irin su Tauraruwa da Fim su ɗauko zancen daga baya. Shiri mai dogon zango ba haka yake ba. Ana rubuta zango na gaba ne bayan an ji abin da muka ce a kan na baya, kuma kuɗin shirin yana rataye da yawan masu kallo. Hannunmu na cikin rubutun ko mun sani ko ba mu sani ba. Idan abin da marubuci yake ji kullum shi ne a dawo da wance, a hukunta wane, a ƙara nasiha, kada a taɓa jarumi, to abin da zai ba mu ke nan: mugun da aka rage wa kaifi don kada a tsane shi da yawa, jarumin da ba ya kuskure, da labarin da ake ja kamar ƙosai a bakin mai jin yunwa saboda an ce kada ya ƙare. Sannan mu dawo teburin mai shayi mu ce finafinan yanzu duk iri ɗaya ne.

Sharhi mafi kyau da muka ji a kan labarin Mainasara ba daga wani masani ya fito ba. A wani gidan suna ne, ana jiran a sauke tuwo, 'yan mata sun kaure da gardamar wace ce ta dace da shi, kowace na jefa lambarta. Wata dattijuwa da ke gefe tana gyaran zogale, wadda ba mu ma zaci tana bin shirin ba, ta ɗago ta ce, "Ku 'yan nan, ni abin da ban gane ba, ranar da yarinyar nan za ta san ya yi mata ƙarya tun farko, da wane ido za ta riƙa kallonsa idan ya ce mata ya tafi kasuwa?"

Aka yi tsit. Sai wata daga cikin 'yan matan ta ce, "To Hajiya, nawa kika ba shi cikin goma?"

Ta ce ita ba ta san wannan ba, ta mayar da kanta kan zogalenta. Gardamar da ta biyo baya ta kai har bayan la'asar, kuma babu wadda ta sake ambaton lamba.